Noella Ducharme da Zaren Cibiya

Shekara ashirin da shida na yi ina goge daɓen ɗakin bakwaini a wani asibiti a Winnipeg, kuma a duk tsawon shekarun nan ban ga mai tafiya irin ta Noella Ducharme ba. Ba ta jan ƙafa, ba ta buga dunduniya. Takan aje ƙafa ta ɗan saurara, kai ka ce akwai mai magana a ƙarƙashin daɓen. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka ciwon gwiwa ne. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da muka haɗu a ɗakin cin abinci, ni da kwanon ferogin da matata ta dafa, wato ƙullin fulawa mai dankali a ciki, ita da gurasar banok da soyayyen kifi. Muka yi musaya, ta ba ni labari.

A St. Laurent aka haife ta, bakin tafkin Manitoba. Babanta masunci ne na lokacin sanyi. In tafki ya daskare sai a huda ƙanƙara, a zura wani dogon katako mai haƙorin ƙarfe da igiya a ɗaure. Ana jan igiyar, katakon yana rarrafe a ƙarƙashin ƙanƙara yana ƙwanƙwasa ta, ƙwas, ƙwas. Mutum ɗaya ne zai bi shi ta sama da kunne, inda ya tsaya nan za a huda rami na biyu a ja raga. Ba a ganinsa, sai dai a ji shi. A gidansu Noella ce mai kunnen.

"In na ɓatar da shi, ranar ba kifi, ga faɗan Baba," in ji ta. "Shi ya sa har gobe ban iya taka ƙasa da ƙarfi ba, Tsoho. Sai in ga kamar zan danne wani sauti."

Sunana Orest, amma Tsoho take ce mini, alhali shekara shida kawai na ba ta.

Labarin ɗanta Remi kuwa ba a ranar na ji shi ba. Sai da muka shekara goma muna musayar abinci.

Tana da shekara ashirin ta auri Armand, direban motar ɗaukar kifi. Shekara na zagayowa ta haihu a wata bakwai, aka kawo su wannan asibitin, tsohon ginin da aka rushe. Jaririn da ya zo kafin lokacinsa ba ya iya tsotso, jijiyoyin hannunsa kuma kamar gashi suke. Sai a zura masa wata siririyar roba ta cibiya, ta bi jijiya ta wuce hanta, ta tsaya daidai bakin ƙofar zuciya. Ta nan abinci da magani suke shiga. Mu a ɗakin zare muke ce mata. In bakin zaren ya zarce cikin zuciya akwai hatsari, in ya zamo baya cikin hanta ma akwai hatsari, tsakanin biyun kuma bai fi faɗin farce ba. Ranar da aka saka shi ake ɗaukar hoton ƙashi a ga inda ya tsaya. Daga nan sai a manna wa kwalbar jaririn jan kati mai cewa kada a ɗauka. Uwa tana iya zura hannu ta 'yar taga ta taɓa ƙafa. Iyakarta ke nan, sai an cire zaren.

Kwana goma sha ɗaya Remi ya yi. Huhunsa ne ya gaza. A rana ta goma sha ɗaya aka cire masa komai, aka naɗe shi a farin zane, aka miƙa mata. Wannan ne karo na farko da ta ɗauke shi.

Ba su sake samun haihuwa ba. Ta shiga makarantar nas tana da shekara ashirin da biyar, ta fito ta nemi wannan ɗakin da kanta. A hankali ta kai matsayin manyan nas ɗin da aka yarda su saka zare da hannunsu. Armand ya rasu, ta ci gaba da zuwa aiki. Shekara talatin ita ke rubuta jan katin nan, da rubutunta mai kwanciya gefe guda. Sau ɗari nawa na ji ta tana gaya wa uwa, "Ki yi haƙuri yarinyata, sai an cire zaren." Muryarta ba ta rawa. Amma in ta gama faɗa sai ta wuce famfo ta yi ta wanke hannun da ba abin da ya taɓa. Nakan tsaya da bokitina in jira ta gama, sannan in goge ruwan da ya fallatsa.

Tana da shekara hamsin da takwas aka kawo wa ɗakin na'urar sikanin ta kansa, 'yar ƙarama a kan taya. Ƙananan likitoci ne ke duba kai da zuciya da ita. Ni in na leƙa allon ba abin da nake gani sai toka-toka yana motsi. Noella kuwa takan tsaya a bayansu ta daɗe. Wata rana ta jawo hannun rigata.

"Tsoho, ka san da me take gani? Da sauti. Ƙwanƙwasawa take yi ta saurara."

"To, ai sana'ar gidanku ce."

"Abin da nake gaya maka ke nan."

Ta sa sunanta a kwas, duk Asabar. Likita Klassen, babban likitan ɗakin, dogo ne mai furfura, ɗan manoma masu kiwon kaji. Sun fi shekara ashirin suna aiki tare, kullum cikin tsiya.

"Uwar ɗaki, saura shekara biyu ki aje aiki. Me za ki yi da karatu? Ki bar wa yara mana."

"Yaran naka danna cikin jariri suke kamar masu gwada nunar kankana. Kai dai in ka gaji ka koma wa kajin babanka."

"Kajin babana sun fi ki jin magana."

"Shi ya sa aka cinye su."

Wata takwas tana koyo. Man da ake shafa wa kan na'urar sanyi gare shi, ita kuwa a aljihun ƙirjinta take yawo da shi don ya yi ɗumi. Ta kai in ta ɗora na'urar a ƙasan haƙarƙarin jariri, kafin ka ƙifta ido ta nuna maka bakin zare, wasu fararen layuka biyu siriri. Amma jan katin yana nan. Doka ce, doka kuma ba ta san akwai sabuwar na'ura ba.

A watan Maris na shekararta ta ƙarshe aka kawo Tanis Beardy daga can arewa, garin da sai jirgi ke zuwa. Shekararta ashirin da uku. Ta haihu ran Asabar, namiji, nauyinsa bai cika kilo ɗaya da kwata ba, aka saka masa zare a ranar. Ba ta da yawan magana. Da safe motar masauki takan kawo ta, ta ja kujera ta zura hannu ta taga, ta riƙe tafin ƙafarsa da yatsa biyu har yamma. In na zo gogewa sai ta ɗaga ƙafafunta ba tare da ta saki nasa ba. A jikin kwalbar an rubuta ɗan Beardy kawai.

"Yarinyata, har yanzu ba suna?" in ji Noella.

"Anti, ta yaya zan sa wa mutum suna ban ji nauyinsa ba? Yayyensa mata duk sai da na rungume su sannan sunan ya zo."

Ran Laraba aka bugo mata waya daga gida. Kakarta, wadda take ce wa Kokum, ita ke riƙe da 'yan matan biyu, mai shekara huɗu da mai shekara biyu. Santsin ƙanƙara ya kwashe ta a bakin ƙofa, ta karye a ƙugu. Ba wanda za a bar wa yaran. An sama wa Tanis kujera a jirgin Juma'a da tsakar rana, ba kuma wanda ya san ranar dawowarta. Zaren kuwa sai Litinin za a cire shi, in an yi sa'a.

Ta saurari wannan duka, ta aje wayar a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi jan katin ta ce, "Anti, ko minti biyar?"

Na ga bakin Noella ya buɗe zai faɗi maganar da ya saba faɗa. Sai ta rufe shi. Ta ce, "Bari mu ga gobe."

Alhamis da safe ta tare Likita Klassen a bakin ƙofa tun kafin ya fara zagaye. Ina kusa, ina sauya ledar kwandon shara.

"Ina so yarinyar nan ta ɗauki ɗanta kafin ta tafi."

"Ke kika fi kowa sanin doka. Hoton Asabar ya nuna zaren yana inda ya kamata. In aka ɗaga shi ya motsa fa?"

"Hoton Asabar na Asabar ne. Yau Alhamis. Ka san inda yake yanzu?"

"Ba wanda ya taɓa shi."

"Ban ce an taɓa shi ba. Cewa na yi ka san inda yake? Zo mu duba. In na yi ƙarya in saya maka kofi har in bar aiki."

"Kofin injin nan? Wannan ai horo ne."

Amma ya bi ta. Ta ciro man daga aljihu, ta shafa, ta ɗora na'urar. Tanis ta matsa gefe. Noella ta karkata hannu kaɗan, ta sake karkatawa, sai ta tsaya cik. Likita ya sunkuya. Ko ni da ban san komai ba na ga abin: ga 'yar zuciya tana bugawa, ga wani farin tsinke a cikinta yana kaɗawa kamar ciyawa a ruwa mai gudu.

Likita ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Tun yaushe?"

"Allah kaɗai ya sani. Cibiya ta bushe ta tsuke, ta tura shi ciki. Ba wanda ya ɗauke shi, Likita. Ga katinka nan a manne."

"Katinki dai. Rubutun wa ke jiki?"

Ta sa safar hannu, ta ba shi na'urar ya riƙe, ta ɓare filasta ta jawo zaren baya a hankali, idonta a kan allo, har farin tsinken ya fice daga zuciyar ya tsaya a bakin ƙofa. Santimita ɗaya ne da ɗan kai. Ta ɗaure, ta manne.

Tanis ta ce, "Wani abu ya same shi?"

"Da zai same shi," in ji Likita. "Yanzu ba zai same shi ba. Antinki ta gani."

Shi da Noella suka koma gefe. Ya ce wannan ma ai ƙarin dalili ne na kada a taɓa yaron, zaren da ya yi tafiya da kansa. Ta ce dalilin dubawa ne, ba dalilin hanawa ba. Ya kalli takalmansa. Can ya ce a duba da yamma, a sake dubawa gobe da safe. In yana nan bai gusa ba, kuma in shi da idonsa ya ga bakin zaren, to, a ba Tanis ɗanta. A duba kafin ɗauka, a duba bayan ɗauka. In bai gani ba, ba zance.

Da yamma aka duba, yana nan. Noella ta aike ni ɗakin ajiya in kawo kujerar nan mai kwanciya. Na goge ta sau biyu na aje a lungu.

Juma'a Tanis ta zo da jakarta da rigar sanyinta, ta tura su ƙarƙashin kujera. Motar filin jirgi za ta zo goma da rabi. Tara saura kwata Noella ta ɗora na'urar, allon ya nuna fari fat, ba hanta ba zuciya. Iska ce ta taru a cikin yaron, sautin kuma ba ya ratsa iska. Ta gwada ta gefe, ta gwada ta sama. Ta ɗan karkata shi, ta jira, ta sake. Tara ta yi, tara da kwata ta yi.

Likita ya zo ya tsaya, hannu a aljihu. "Ban ga komai ba, Uwar ɗaki."

"Ka yi mini shiru."

"Ni dai na gaya miki sharaɗina."

"Na ce ka yi mini shiru, ɗan masu kaji. Kana taka mini ƙanƙara."

Bai gane ba, amma ya yi shiru. Ni na gane. Na jingine sandar gogewata a bango don kada ta yi ƙara. Tanis ba allon take kallo ba, agogon bango take kallo.

Noella ta koma can gefen dama, tsakanin haƙarƙari biyu, tana gusa na'urar kaɗan-kaɗan, ta gusa ta saurara, ta gusa ta saurara, daidai yadda take tafiya. Wani ɗan lungu mai duhu ya buɗe a allon, gefen zuciya ya bayyana, amma zaren bai fito sosai ba.

"Likita, tura mini ruwan gishiri ta zaren. Ɗigo kawai."

Ya ɗauki sirinji ya tura. A bakin ƙofar zuciyar sai ga wasu fararen ɗigo-ɗigo sun watsu, kamar an kaɗa reshe mai dusar ƙanƙara. Inda suka fito, nan bakin zaren yake.

"Sake," in ji Likita, ya sake turawa da kansa. Suka sake fitowa daga wuri ɗaya. Ya miƙe tsaye. "Na gani. Orest, ina kujerar?"

Tara da rabi ta ɗan gota. Tanis ta zauna ta buɗe gaban rigarta. Likita ya tattara robobi da wayoyi a hannu biyu, Noella ta zura hannuwanta ƙarƙashin yaron ta ɗago shi, ta juya a hankali ta kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, aka rufa musu bargo. Ta manne zaren a kafaɗar Tanis da filasta, ta kuma ɗora yatsa a kai. Ba ta ɗauke yatsan ba har aka gama, a tsaye, a sunkuye, ita da ke kukan ciwon baya.

Da farko Tanis ko numfashin kirki ba ta yi. Can kafaɗunta suka sauka. Ta sa haɓarta a kan hular yaron tana yi masa magana da yarensu, ƙasa-ƙasa.

Noella ta ce, "Yaya kika ji shi?"

"Anti, ba shi da nauyi ko kaɗan. Amma ɗumi gare shi, kamar banok ɗin da aka sauke yanzu." Ta ɗan yi dariya. "Josias ne. Sunan mijin Kokum. Shi ma haka yake, ƙarami, ga zafin jiki."

"A rubuta?"

"A rubuta."

Minti arba'in suka samu. Goma da kwata aka mayar da shi kwalba. Noella ta sake ɗora na'urar. Iskar ta wuce, hoton ya fito tas, fararen layuka biyun suna nan inda aka bar su, ko gashi ɗaya ba su gusa ba. Likita ya duba, ya rubuta a takarda, ya wuce zagayensa. Tanis ta sa rigar sanyi ta ja zif har wuya, ta dafe ƙirji da hannu ɗaya kamar mai tsoron wani abu ya fice, ta ɗauki jaka da ɗayan.

Bayan ta fita na tarar da Noella a bakin famfo. Ba ta kunna ruwa ba. Hannuwanta take kallo.

"Tsoho, ni na san nauyin Remi. Har yau in na rufe ido ina jin sa a nan. Ɗuminsa ne ban sani ba."

Na tsaya tare da ita har aka kira ta wata kwalbar.

Sati uku Tanis ta yi kafin ta dawo. Josias ya tafi gida a watan Mayu. Dokar ba a rana ɗaya ta faɗi ba, sai da aka yi taro a kan taro, aka koya wa wasu nas huɗu aikin na'urar. Noella ta ƙara wata shida a kan lokacinta don ta ga sun iya. Ranar da aka ba ni kwalin jan katin da suka rage in zubar, ta tsayar da ni a hanya, ta zaro guda ɗaya ta sa a aljihun da take ɗumama mai. Ban tambaye ta ba.

Ni ma na aje aiki bayanta da shekara ɗaya. Sanyin da ya wuce 'yata ta kai ni St. Laurent a mota. Noella tana zaune a gidan babanta, ta rame kaɗan, gashin ya yi fari duka. Ta ba ni aron manyan takalma, muka taka kan tafki inda 'ya'yan ƙaninta ke saka raga. Yanzu suna da wani abu mai batir da ke nuna musu inda katakon yake, amma in tana wurin ba sa kunna shi. Ta bi shi, ta tsaya, ta nuna da ƙafa. Suka huda, ga shi nan.

Da muka koma gida ta dafa shayi. A jikin firij akwai hoton Josias da manyan takalman roba yana riƙe da kifi. Kusa da shi akwai wani tsohon hoto da ya koɗe: kwalba ce, da kati a manne, in ka ƙura ido ka ga 'yar ƙafa a ciki.

"Da yanzu ya haura arba'in," in ji ta. "Da ya yi sanƙo irin na ubansa."

Na ce, "Da ya yi."

"Da yana nan yana mini tsiya a kan tuƙi."

"Ai tuƙin naki abin tsiya ne."

Ta yi murmushi. Ta ɗauki kofin shayin da hannu biyu ta jingina shi a ƙirjinta, tana kallon tafkin ta taga. Ni na shanye nawa. Nata yana nan a ƙirjinta har ya huce.